Ɗakin Haslan na Cikin Kwamfuta

Yammacin ranar bai zo da wata alama ba. Jirgin fito na ƙarshe ya dawo da ma'aikata daga ɗaya tsibirin, yara sun watse daga bakin ruwa, kaji suna ta neman wurin kwana a kan tsohon kwalekwalen da ke kife a bayan gida. Mak Haslan, wato uwar Haslan, tana ɗakin girki tana soya kifi, ƙamshin barkono da man kwakwa ya cika layin. Mijinta ya dawo daga tashar jirage inda yake gyaran inji, ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya ɗaura zanen zuwa masallaci, sannan ya ɗauki kwamfutar daga kan tebur ya fita da ita baranda, kamar yadda yake yi kullum in rana ta kusa faɗuwa.

A tsibirin Pulu Selma da sunan ɗan fari ake kiran mutum, don haka duk wanda ya ce Pak Haslan, wato baban Haslan, sai ya ambaci yaron da babu shi. Kusan shekara uku ke nan da Haslan ya fita kamun kifi bayan duwatsun murjani, inda teku ke karyewa. An samo kwalekwalensa, ba a samo shi ba. Liman ya zo har gida ya ce a yi masa sallar ga'ibi, a dafa sadaka kamar yadda ake yi wa kowa. Pak Haslan ya ce ba a yi wa mai rai salla. Mutum ne mai taurin kai irin wanda ba ya ɗaga murya, kuma irinsu sun fi wuyar sha'ani. Ya hana zaman makoki, ya hana matarsa kuka a gabansa. In an tambaye shi sai ya ce yaron ya tafi, daga nan ba ya ƙara komai.

Kwamfutar ta Haslan ce. Shi ya raba cikinta gida biyu tun yana makaranta a birnin Perth: ɓangare ɗaya tsohuwar Windows ɗinsa, ɗayan kuma Linux da ya saka wa ƙanwarsa Yati don ta koya. In an kunna ta, baƙin allo ne ke fara fitowa da layi biyu, mutum ya zaɓi inda zai shiga. Yati takan shiga na sama ta yi karatun aikin jinya da take yi daga gida. Pak Haslan yakan sauka na ƙasa. Nan hoton yaron zai fito yana dariya riƙe da wani ƙaton kifi, a ƙasansa ga ɗan akwatin kalmar sirri wadda babu wanda ya sani. Uban bai taɓa wuce wannan ƙofa ba. Zama kawai yake yi ya zuba wa hoton ido, in ladan ya gyara murya sai ya faɗi abin da kowane uba a tsibirin ke faɗa wa 'ya'yansa a irin wannan lokaci: "Haslan, shigo gida, magariba ta yi." Sannan ya rufe ya tafi salla.

Ranar nan yana ɗaga murfin allon ya waye, ashe ba a ma kashe ta ba. Babu baƙin allo, babu layi biyu. Wani dogon zane ya gani a kwance, rabinsa mai launi, rabinsa toka-toka babu komai a ciki. A tsakiya ga ɗan akwati yana tambaya da Turanci ko a haɗe filin nan da ɗayan ɓangaren, a share duk abin da ke cikinsa. Amsa biyu ce a ƙasa, e ko a'a.

Ya kira Yati. Ta fito da tsumman share kwano a hannu, ta tsaya nesa da shi.

"Me kika yi wa wannan?"

"Pak, wuri ya ƙare mini. Ko takarda ɗaya ba ta karɓa. Tun kafin azumi nake gaya maka."

"Me kika yi, na ce."

"Na cire ɓangaren Abang." Haka take kiran yayanta. Ta ci gaba da sauri. "Bangon kawai na cire, Pak. Kayansa suna nan kwance ba a taka su ba. Sai an danna e ɗin nan za su tafi. In an bar ta haka ana iya mayar da shi yadda yake."

"Ni na ce ta yi," in ji Mak Haslan daga ƙofar ɗakin girki, da ludayi a hannunta. "Na gaji da ganinka kana zaman hira da akwati. Ga 'yarka nan tana wucewa ta gabanka safe da yamma, ko ka tambaye ta ta ci abinci."

Bai dube ta ba. Ya ce kada wanda ya sake taɓa kwamfutar, a bar ta yadda take.

Ladan ya gyara murya. Sabo ya fi ƙarfin Pak Haslan, bakinsa ya buɗe da kansa, ya faɗi kalmomin nan nasa ga allon da babu hoto a kansa. Iska ta tsaya. Kajin da ke ta rigima a kan kwalekwale suka yi tsit. Daga can ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, inda duhu ya riga ya taru, wata murya ta ce, "Ina zuwa, Pak."

Su ukun duk sun ji. Ludayin ya faɗi daga hannun Mak Haslan. Ba a daɗe ba dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi, ya gangara a hankali, ya faɗo gaban baranda.

Daga ranar jifa ta zama ta kullum. Da zarar rana ta taɓa ruwa za ta fara, ba ta tsayawa sai an idar da sallar isha'i. Ba jifar yara ba ce, wadda ke zuwa a rikice. Ɗaya bayan ɗaya take sauka, da tazara a tsakani, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a buɗe. Maƙwabta suka fito da fitilu suka zagaya gidan, kowa ya zama masani. Wani ya ce 'ya'yan kwakwa ne ke faɗowa, alhali bishiya mafi kusa tana ƙetaren hanya. Wani ya ce zafin rana ne ke sakin kwano. Pak Haslan ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya juya shi a hannu. Murjani ne jiƙaƙƙe, da koriyar gansakuka a jikinsa, irin wanda ba a samu sai can waje inda igiyar ruwa ke duka. Ya sa shi a aljihu bai nuna wa kowa ba.

Kwamfutar tana nan a kan tebur da tambayarta. Babu wanda ya sa mata caji, ba ta kuma mutu ba. In gidan ya yi shiru ana jin fankarta tana hura iska a hankali, ta tsaya, ta sake hurawa. Mak Haslan ta rufe ta da zane, da safe aka sami zanen a ƙasa a jiƙe.

Sai abin ya koma kan Yati. Da farko sanyi ta ce tana ji, a tsibirin da ko bargo ba a sayarwa. Ta daina taɓa shinkafa. Uwarta ta kama ta tana zuba gishiri a ruwan sha. Gashinta kullum a jiƙe ƙarƙashin ɗankwali, ko da ba ta yi wanka ba. Wata magariba, ana cikin jifa, ta fito baranda ta zauna a ƙasa ta ɗaga gwiwa ɗaya ta ɗora hannu a kai, zaman da mutum ɗaya ne kawai ke yinsa a gidan nan. Ta dubi ubanta, ta buɗe baki, muryar namiji ta fito.

"Pak, kun gyara injin nan kuwa? Na ce maka fulogin ne, ka tsaya kana ta zagin kabureta."

Mak Haslan ta dafa bango tana ambaton Allah. Shi kuwa Pak Haslan sai ya zauna a gaban 'yarsa.

"Fulogin ne," ya ce. "Kai ne da gaskiya."

Muryar ta yi dariya, dariyar Haslan mai ƙarewa da tari.

Gaskiyar magana, ko da ba ta da daɗin faɗa, ita ce Pak Haslan ya ji daɗi. Ya ji daɗin da bai ji ba tun ranar da aka jawo kwalekwalen nan babu kowa a ciki. Ya bar zuwa masallaci da magariba. Yakan dawo daga aiki da wuri ya yi wanka ya zauna yana jira, kamar mai jiran baƙo. Su yi hirar kifi, su yi hirar iska, muryar ta tsokane shi kan tumbinsa. Yana ganin fuskar 'yarsa a gabansa, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa, leɓɓanta sun tsattsage, amma kunnensa ya rinjayi idonsa.

Abin da ke biyo bayan hirar shi ne abin tsoro. In muryar ta yi shiru sai Yati ta miƙe ta nufi bakin ruwa, ba ta sauri, ba ta waiwaye. Ranar farko iyakar idon sawu ta shiga suka jawo ta. Bayan nan ta kai gwiwa. Da safe ba ta tuna komai, sai dai maƙogwaronta yana ciwo, tana tambayar me ya sa zanenta yake da yashi. Ma'aikaciyar asibiti ta gwada ta, ba ta sami zazzaɓi ba, ta ce in ramar ta ci gaba za a sa ta a jirgin sama zuwa Perth.

"A kira Nek Sabri," in ji Mak Haslan.

"Bari mu ga gobe."

"Jiya ma haka ka ce."

"Ba ya cutar da kowa. Kin ji shi da kunnenki, hira kawai yake yi."

Ta dube shi ta daɗe. "Na haifi Haslan, na san muryarsa kafin kai. Amma Haslan bai taɓa barin ƙanwarsa ta taka ruwa da duhu ba. Ka tambayi kanka wane ne wannan."

Bai tambaya ba. Goben ta zo, aka yi hira, ya shagala yana goge hawayen dariya, da ya ɗaga kai babu Yati a baranda. Ya same ta ruwa ya kai mata ƙirji. Ya faɗa ya kama ta ta baya, ya ji ta da nauyi kamar injin jirgi, ƙafafunta suna ci gaba da takawa a ƙarƙashin ruwa. Da ƙyar ya juyo da ita. Na ɗan lokaci idanunta suka dawo nata, ta gane shi.

"Pak, sanyi nake ji," ta ce da ƙaramar muryarta. "Kada ka bar shi ya kai ni."

Sai idanun suka sake tafiya. Kafin ya iso da ita gida Mak Haslan ta yafa mayafi ta tafi gidan Nek Sabri, ba ta nemi izinin kowa ba.

Nek Sabri tsoho ne da ya yi karatu shekaru a ƙasar Malaya tun yana saurayi, kuma shi ake kira in abu ya wuce na asibiti. Washegari bayan la'asar ya iso a 'yar motarsa ta lantarki, wadda kaza ma kan wuce ta. Ya sauko da kwano, da lemun tsami, da ƙullin gishiri, da Alƙur'aninsa a nannaɗe cikin farin ƙyalle. Ya tsaya ya dubi tarin murjanin da aka share gefe guda, ya dubi mai gidan.

"Pak Haslan, sarkin inji. Ashe akwai wanda ya fi ƙarfinka."

"Sannu da zuwa, Nek."

"An ce ka daɗe da baƙo ba ka gaya wa kowa ba. Rowa ce ko me?"

Pak Haslan ya sunkuyar da kai. Tsohon bai matsa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka zaunar da Yati, uwarta a bayanta tana riƙe da kafaɗunta. Ya sa aka kawo kwamfutar aka ajiye a tsakiya, Mak Haslan ta ba shi labarin yadda aka cire bango. Ya yanka lemun cikin ruwa, ya barbaɗa gishiri, ya zauna yana jiran rana. Hasken da ke shigowa ta taga ya yi ja, ya yi toka, sannan ya janye. Dutse ya sauka a kan rufi.

Nek Sabri ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya yi Ayatul Kursiyyu, ya yi Falaƙi da Nasi, ya koma ya sake. Yati ta ɗaga gwiwa ɗaya.

"Pak," in ji muryar Haslan, "wane ne ya kawo tsohon nan? Ka ce ya yi shiru, kaina ke ciwo."

Pak Haslan ya motsa. Tsohon ya ɗora masa hannu a gwiwa bai daina karatu ba. Ya tsoma yatsu a kwano ya yayyafa wa yarinyar a fuska. Jikinta ya sanƙare, wuyanta ya lanƙwashe, wata murya dabam ta fito, mai kauri, mai jan ruwa a cikinta.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Sunana ba na bakinka ba ne."

"To ka riƙe abinka. Daga ina?"

"Daga inda ruwa ke karyewa."

"Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Ban fasa ƙofa ba, ban haura katanga ba. Kirana aka yi." Kan Yati ya juya a hankali zuwa ga ubanta. "Kullum magariba ina jin mutum yana cewa a shigo gida. Na saurara, babu mai amsawa. Na jira wata da watanni, babu mai amsawa. Sai na amsa. Na zo na sami ɗaki a kulle, babu mai shiga, babu mai yin bismillah a ƙofarsa. Na zauna lafiya, ban taɓa kowa ba. Yarinyar nan ta zo ta cire mini bango ba sallama, ba gargaɗi. Na tsinci kaina a fili. Ita ce mafi kusa."

Nek Sabri ya juya ya dubi Pak Haslan, wannan karon babu wasa a fuskarsa. "Tun muna yara ake hana mu kiran suna da magariba in mai sunan ba ya kusa. Uwarka ta gaya maka, tawa ta gaya mini. Kai kuma ka mai da shi wuridi."

"Ɗana nake kira, Nek."

"Na sani. Amma ba shi kaɗai ke da kunne ba."

Pak Haslan ya matso kusa da tabarmar. "Kai da ke can waje," ya ce, "ka gan shi? Ina yake?"

"Kada ka tambaye shi," in ji tsohon. "Abin da kake son ji zai gaya maka."

Abin ya yi dariya. "Ga magana mai sauƙi. Kayan ɗakin suna nan, ba a share ba. Ku mayar mini da bangona in koma ciki. Jifa ta ƙare, shiga ruwa ya ƙare. Kullum magariba ya kira, in amsa masa yadda yake so. Har ƙofar nan da ya kasa buɗewa zan buɗe masa, ya ga hotuna, ya ga duk abin da yaron ya bari."

Pak Haslan ya ji yana so, yana so ƙwarai, har ya ji kunyar yadda yake so.

"Yarinyar fa?" in ji Nek Sabri.

"Zan sake ta."

"Rantse ba za ka sake kusantarta ba."

Fankar kwamfutar ta hura, ta tsaya.

"Rantse, na ce."

"Murya tana bukatar baki," in ji abin a hankali. "Akwati ba shi da harshe. Aro kawai zan riƙa yi, da magariba, na ɗan lokaci. Me zai rage mata?"

Mak Haslan ta ƙara ƙanƙame 'yarta. "Ka dube ta," ta ce wa mijinta. "Ka dubi wuyan hannunta, ka ga abin da ya rage."

Ya duba. Rabon da ya dubi yarinyar nan da kyau har ya manta. Hannun da ke kan gwiwarta ya zama kamar sanda, awarwaron da ke matse ta a da ya zame har gwiwar hannu.

Nek Sabri ya rufe Alƙur'aninsa. "Zan iya karatu har asuba, in ƙona shi, ya fita yana ihu. Jibi ya dawo, don yana da gayyata, yana kuma da wurin zama. Baƙon da mai gida ya kira, mai gida ne ke sallamarsa. Ni ban san kan akwatin nan ba. Kai ka iya karanta abin da ke rubuce."

"In na danna e, komai nasa ya tafi."

"To."

"Ba a mayarwa, Nek."

"Na ji."

Tsohon ya juya ga abin. "In aka share ɗakin, aka janye kiran, za ka tafi?"

"Ba ni da abin zama a kai."

"Ka koma inda ka fito. Ba ka taɓa kowa na gidan nan, a tudu ko a ruwa. Ka rantse da Wanda ya halicce ka daga wuta."

Abin ya yi gurnani, ya yi ta kewaye-kewaye, tsohon ya ɗaga kwanon ruwa. Sannan abin ya rantse. Ya ce a buɗe masa ƙofar da ke kallon teku, kada a rufe sai ya wuce. Nek Sabri ya ce an ba shi.

"Saura ɗaya," in ji abin. "Muryar da na zo da ita, da ita zan koma. A kunnensa na tsince ta, ba zan mayar ba. In na fita ba zai ƙara jinta ba, ko a zuci, ko a mafarki."

"Wannan ba nawa ba ne da zan bayar," in ji Nek Sabri. Ya dubi mai gidan.

Pak Haslan ya jawo kwamfutar gabansa. Jikinta sanyi ƙalau, da danshi. Ya ɗora yatsa ya ja 'yar kibiyar, ta wuce akwatin, ya dawo da ita. Ta tsaya a kan e.

"Pak." Muryar Haslan ce, ba ta tsokana yanzu, irin wadda yake yi yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi. "Pak, kada ka rufe mini ƙofa. Duhu ne a waje. Ruwan da sanyi. Kai ka ce in shigo."

Hawaye suka zubo wa Pak Haslan har gemu. Ya bar muryar ta gama, ya saurare ta har ƙarshe, yana sane da cewa ita ce ta ƙarshe. Sannan ya ɗaga kai, bai dubi allon ba, fuskar Yati ya duba.

"Haslan ya rasu," ya ce. "Ɗana ya rasu a ruwa. Kai ba shi ba ne. Ban kira ka ba, ba na kuma kiranka. Tafi."

Ya yi bismillah ya danna.

Wani siririn layi ya fito a allon ya fara cika daga hagu. Yati ta buɗe baki kamar mai ihu, babu sautin da ya fito, sai ruwa mai gishiri da ya zubo mata a haɓa. Nek Sabri ya ɗaga murya da karatu. Mak Haslan ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar baya ta buɗe. A sama duwatsun da suka maƙale a rufi suka fara gangarowa gaba ɗaya, suna zuba a yashi. Wani sanyi ya ratsa falon ya bi ta ƙofar, labule ya bi bayansa ya tsaya a miƙe, sannan ya faɗo. Layin ya cika. Launi ɗaya ya mamaye zanen daga wannan gefe zuwa wancan. Allon ya yi baƙi, fankar ta mutu, kamar kowace kwamfutar da ta daɗe ba a sa mata caji ba.

Yati ta sulale jikin uwarta. Aka daɗe kafin ta buɗe ido. Ta dubi tsohon, ta dubi kwanon lemu, ta dubi kwamfutar da ke gaban ubanta, ta gane.

"Pak, ka yafe mini," ta ce, muryarta a dushe.

"Ke za ki yafe mini. Mak, ki ɗumama mata shinkafa."

Ya raka Nek Sabri har bakin motarsa. A tsaye a nan ya gwada. Ya nemi yadda Haslan ke cewa Pak, ya nemi dariyar nan mai tari. Kalmomin suna nan, ya san abin da yaron yakan faɗa, ya san inda yakan tsaya ya yi dariya. Sautin ne babu. Ya sake nema, kamar mai laluben aljihun da ya san ya huje.

"Nek," ya ce, "ka gaya wa liman. Gobe bayan azahar a yi masa salla."

Aka yi sallar a masallaci, sahu ya cika har waje, babu makara a gaban liman. Mata suka haɗa murhu a bayan gida suka dafa shinkafa da kaza, Yati tana zaune a cikinsu a naɗe da mayafi tana ci da hannunta. Mak Haslan ta zauna a tsakar falo ta yi kukan da aka hana ta shekaru, da ƙarfi, babu wanda ya ce ta yi shiru.

Pak Haslan yana kan tabarma a baranda. Mutanen layin suka taho ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka daɗe suna sauya hanya don kada su rasa abin da za su ce masa. Na farko ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Pak Haslan, ya haƙuri? Allah ya jiƙan yaro."

Mutumin bai saki hannun ba, ya jira.

"Amin," in ji Pak Haslan. Sannan ya miƙa hannu ga na bayansa.